Don Allah wane katako ne wannan? Ja ne, ga nauyi, gara ba ta taɓa shi ba

Sabo_Kafinta:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Taimako nake nema. Wani maƙwabcinmu a Sabon Garin Zariya ya rushe tsohon sashen gidansu zai yi sabon gini, ya ce in zo in kwashe katakon da aka cire kafin a mai da shi makamashi. Yawancinsu gara ta gama da su, amma akwai falanki biyu da aka ciro daga saman ƙofar zaure, ko ɗigon rami babu a jikinsu. Kowanne tsawon ƙafa 6, faɗi inci 10, kauri inci 2. Bayansu ya yi baƙi saboda hayaƙi da shekaru, amma da na kankare gefe guda sai ga ciki ja mai ruwan ƙasa, yana ɗan sheƙi. Nauyi kuwa ba a magana, zarto ma da ƙyar yake shiga. Maigidan da na koyi aiki a hannunsa Allah Ya yi masa rasuwa, da shi zan kai wa. So nake in yi wa mahaifiyata ɗan teburin da za ta riƙa ɗora Alƙur'ani da carbi, kuma ba na son in sa masa zarto ban san mene ne ba. Ga hotuna uku na sa.

Dan_Naibawa:
Wa alaikumussalam. Madaci ne wannan, babu wata tantama. Kullum a cikinsa muke a kasuwar 'yan katako. Launin kaɗai ya isa.

Mai_Zarto_Jos:
Allah Ya jiƙan maigidanka. Ni kuma loko na gani. Tsofaffin gidajen Sabon Gari da kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa da katakon Kudu aka yi musu ƙofofi da tagogi. Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, ta Zariya yake bi, kawo loko daga Kudu bai zama abin wahala ba. Kuma shi ne wanda gara ke gani ta wuce.

Dan_Naibawa:
Haba Oga, loko ai ba ya yin ja haka. Sabon yanka rawaya-rawaya yake, in ya sha iska ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Ina ja a nan?

Injiniya_Bashir:
Malam Sabo, hoton waya ba zai raba wannan gardama ba. Hoton farko ka ɗauka a rana, na biyu a cikin shago, kuma ka duba da kanka, launi biyu ne daban alhali katako ɗaya ne. Akwai abin da ba ya canzawa da haske, shi ne nauyi. Na yi lissafi da awon da ka bayar: santimita 183 sau 25 sau 5, ya kama wajen lita 23. Ka kai ɗaya wurin masu sikelin hatsi ko masu sayen ƙarfe su ɗora maka. Idan busasshen loko ne zai tsaya kusa da kilo 15. Idan malaina ce ma ba za ta wuce 11 ko 12 ba. Idan ya haura 18, to mun shiga layin kawo da madobiya da madacin dajinmu. Idan ya tasam ma 22, sai mu fara zancen ƙirya.

Sabo_Kafinta:
Na gode Injiniya. Yanzu na dawo daga wurin masu sikeli. Ɗaya kilo 19, ɗayan 19 da rabi.

Injiniya_Bashir:
To kilo 19 a lita 23, kusan 0.83 ke nan idan aka gwada da ruwa. @Mai_Zarto_Jos, ina ganin loko ya fita.

Mai_Zarto_Jos:
Na yarda ya yi wa loko nauyi. Sai dai a tabbatar babu tsofaffin ƙusoshi a ciki, kuma bai sha ruwan damina a inda aka jefar da shi ba.

Baba_Masassaki:
Salamu alaikum. Ɗansa ne ke rubutawa, Baba na faɗa ina bugawa. Ya ce a gaya wa yaron nan Sabo, ba a tambayar itace sunansa ta fuska, ta kai ake tambayarsa. Ka yanke kamar kaurin yatsa ɗaya daga ƙarshen falankin, ka sami reza sabuwa ko wuƙa mai kaifi sosai ka fere wurin yankan har ya yi sumul. Kada ka sa samfefa, garinta toshe ƙananan ramukan jijiyar itacen yake yi. Sai ka shafa ruwa kaɗan ka fita rana ka duba. Ya ce ka gaya masa abu uku: girman ramukan, abin da ke kewaye da su, da abin da ke cikinsu. Sannan ka shinshina sabon yankan tun da ɗuminsa. Ya ce madobiya ba ta ɓoye kanta a hanci, ko ta shekara nawa. Madaci kuma in ka ɗora ɗan garinsa a harshe za ka ji alamar ɗaci, ko da bai kai na ɓawonsa ba.

Nas_Hauwa:
Baba a yi haƙuri, ban isa in ja da ku a sana'a ba, amma maganar ɗanɗanawa ce ta tsaya mini. Wannan ba sabon itace ba ne daga daji. Katakon tsohon gida ne, ba mu san abin da aka shafa masa ba. Da yawa ana shafa musu baƙin mai ko maganin gara, kuma tsohon fenti yakan ƙunshi dalma. Malam Sabo, don Allah kada ka kai shi baki. In za ka goge baƙin nan ma ka sa takunkumi, ka yi a waje, yara kada su zauna kusa.

Baba_Masassaki:
Baba ya ce 'yata ta yi gaskiya, a bar na harshen. Ido da hanci sun isa.

Dan_Naibawa:
Ni fa har yanzu ina kan bakana. Nauyin nan bai kore madaci ba. Madacin da ya girma a dajin Arewa ya fi mahoganin Kudu tauri da nauyi nesa ba kusa ba. Duk wanda ya taɓa tsaga na bakin titi da iska ta kayar ya san abin da nake faɗa.

Hajiya_KayanDaki:
Alhaji na Na'ibawa, ku ne fa kuka rikita mu. Duk katakon da ya yi ja in mun zo saye sai a ce mana mahogani ne. Na taɓa ba da aikin gadaje na kayan ɗakin amarya, aka rantse mini mahogani ne, kafin shekara ta zagayo uwar yarinyar ta kira ni, gari ne ke zuba a ƙarƙashin gadon, ƙwaro ya huda ƙafafun. Da aka kankare sai ga farin katako an shafa masa kala. Ni na biya gyaran daga aljihuna, don mutuncina ya fi kuɗin.

Dan_Naibawa:
Hajiya, Allah Ya huci zuciyarki. Akwai masu yin haka, ba zan musa ba. Amma wani lokacin mai sayarwar ma haka aka sayar masa. Mota ta zo daga Kudu an riga an tsaga, babu ɓawo babu ganye, sunan da direba ya faɗa shi za ka riƙe.

Sabo_Kafinta:
Baba na yi yadda kuka ce. Na fere, na shafa ruwa, na ɗauka da waya na zuƙo hoton. Ramukan manya ne, ido ma yana ganinsu, kuma ba su da yawa, a warwatse suke. Kowane rami akwai wani abu mai haske da ya kewaye shi, ya yi tsini hagu da dama kamar siffar ido. Wasu ramukan a cike suke da wani gari rawaya, har a jikin falankin in ka bi tsawonsa za ka ga siraran layuka rawaya. Wari kuwa ban ji wani na kirki ba, ƙanshin busasshen itace ne kawai.

MalamGandu:
Madalla. Yanzu aka zo wurin. Na yi aikin gandun daji, kuma abin da ka kwatanta ya fi kama da kawo. Bari in bi su ɗaya-ɗaya yadda na san su a yankan kai.

Madaci ramukansa sukan cika da wani danƙo mai duhu, ja zuwa baƙi, kuma ba ka ganin wannan farin zoben mai tsini a kewaye da su. Loko yana da farin, amma nasa yakan miƙe ya haɗa rami da rami ya zama layi mai lanƙwasa, abin da ke taruwa a cikinsa kuma fari ne mai tauri irin dutse, shi ne ke dakusar da bakin injin. Madobiya layukanta sirara ne ƙwarai a jere, jikinta rawaya-rawaya da zane mai duhu, ga warin da Baba ya ambata. Kawo kuwa ramuka manya jefi-jefi, kowanne da zobensa, ga garin rawaya. Nauyin da Injiniya ya fitar ma ya zauna daidai.

Abin da ya sa ban ce na rantse ba shi ne doka. Dangin juna ne da kawo, kuma a yankan kai suna kama sosai, ita ma tana da zoben nan. Dajin da ke kewaye da Zariya da Birnin Gwari kuwa dajin doka ne, ita ce ta fi yawa. Wanda ya gina gida a can a wancan zamani, doka ta fi kusa da hannunsa. Bambancin shi ne doka ba ta kai kawo jure wa ƙwaro ba, kuma ba ta kai shi zama lafiya ba in ta bushe.

Baba_Masassaki:
Baba ya yi murmushi ya ce kawo ne. Ya ce doka ba za ta yi waɗannan shekaru a saman ƙofa, gara ta cinye maƙwabtanta ta bar ta ba. Ya ce a tambayi Sabo, falankin ya murɗe ko ya miƙe?

Sabo_Kafinta:
Baba a miƙe suke sak. Na ɗora su a kan siminti, babu inda ya ɗaga.

Baba_Masassaki:
Ya ce to ka ji. Kawo in ya bushe ya gama magana, damina da rani duk ɗaya ne a wurinsa.

Issoufou_Maradi:
Sallama gare ku. Mu nan wajenmu kawo ya yi wuya ƙwarai, sai dai mu ji labari ko mu gani cikin tsohon aiki. Icce mai nauyi da muka sani shi ne ƙirya, da ita ake turmi da taɓarya, maƙera kuma gawayinta suke so. Da na ga kilo 19 na yi zaton ita ce. Amma ƙirya ba kasafai ake samun falanki mai faɗin inci 10 miƙaƙƙe haka daga gare ta ba, kuma ta fi wanga duhu. Malam Sabo, ka jefa ɗan guntun da ka yanke cikin bokitin ruwa. In ya nutse ko ya tsaya daidai da fuskar ruwa, a sake duba ƙirya. In ya taso da ɗan saura a sama, ba ita ba ce.

Sabo_Kafinta:
Ya taso, amma kaɗan ne ya rage a sama. Na bar shi a ciki, zuwa yamma ruwan ya ɗan yi launin shayi.

Dan_Taraba:
Da na ga an ambaci madobiya sai raina ya sosu. Mu a nan madrid ake ce mata. Wajen 2015 da 2016 duk wanda ya bi hanyar Bali ko ya tsaya a Garba Chede ya ga abin da idonsa ba zai manta ba. Gungume a jibge bakin titi an fafe su murabba'i, tireloli na lodi dare da rana zuwa Legas, daga can sai Sin, inda ake kujeru da gadaje masu tsada da ita. Samari suka bar gona suka koma daji da injin yanka. An sami kuɗi, wasu sun sayi babura, wasu sun yi aure, wasu kuma gungume ya danne su a kan dutse. Yau ka shiga dajin da muka sani tun muna yara, sai kututture. Itacen da in rani ya yi yakan zubar da ganye ya fitar da fure rawaya har ka hango shi daga nesa, Fulani na sassabe ganyensa su ba shanu lokacin da ciyawa ta ƙare. In ka sare ta wani jan ruwa ke fita, shi ya sa wasu ke cewa tana jini. Yanzu ɗana ƙarami bai san ta a tsaye ba.

MalamGandu:
Gaskiya ka faɗa ɗan'uwa. Ɓarnar ce ta sa aka shigar da madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a cinikinsu tsakanin ƙasashe, abin ya fara aiki a farkon 2017, kuma a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya. Da ta yi ƙaranci sai masu saye suka juya kan wasu. A taron da aka yi a Panama a 2022 aka ƙara kawo da madaci na Afirka a jerin. Wato uku daga cikin sunayen da muke ta jefawa a nan kan falankin Sabo, itatuwa ne da ke ƙarewa muna kallo.

Abba_Dalibi:
Malam, ke nan laifi ne Oga Sabo ya yi aiki da shi?

MalamGandu:
A'a Abba. Yarjejeniyar ta shafi fitarwa ƙetare ne. Sare sabo a daji kuma dokar gandun daji ta jiha ce ke kula da shi. Tsohon katakon da aka ciro daga gini, yin aiki da shi ma ya fi a ƙone shi.

Hajiya_KayanDaki:
Mu dawo kan teburin Mama. Idan har kawo ne, akwai abin da na gani da idona. Wani kafinta ya yi mini maratayin tawul da shi, bai shafa komai ba don na ce ina son launin itacen. Aka rataya farin mayafi da danshinsa, da safe sai ga layi rawaya ya kwanta a jikinsa daidai inda ya taɓa sandar, wanki bai fitar da shi duka ba. Malam Sabo, tunda Alƙur'ani za a ɗora, wataƙila da farin ƙyalle a kai, ka rufe shi da man katako sosai. Kuma ga gwaji kyauta: jiƙa tsumma fari ka ɗora a inda layukan rawayan suke, ka danne da dutse ya kwana.

Mai_Zarto_Jos:
Shawarar Hajiya ta yi. Ni kuma tawa ta aiki ce, ko ma wane ne shi. Kafin ka kai shi injin gogewa ka bi jikinsa kaf da mayen ƙarfe, irin na tsohuwar sifika. Ƙusar da ta karye a ciki ba a ganinta, kuma ƙusa ɗaya ta isa ta ɓalle bakin injin, mai injin ya ce ka biya. In ka ga ɗigon baƙi zagaye a jiki, tona, akwai ƙarfe a ƙasa. Na biyu, kada ka buga masa ƙusa kai tsaye, zai tsage ko ƙusar ta lanƙwashe. Huda tukuna, ko ma ka yi haɗin tsaga da gam, ya fi dacewa da irin wannan katako. In kana gogewa da hannu ka rage bakin sosai, don irin waɗannan jijiyarsu takan juya, ka bi ta nan lafiya, ka matsa gaba kaɗan ta tsinke maka.

Dan_Naibawa:
To ai wannan juyawar jijiyar halin madaci ce. Sabo, in ka goge fuskar, akwai zane-zane a tsaye, wani mai haske wani mai duhu, suna canzawa in ka juya shi a rana?

Sabo_Kafinta:
Akwai kaɗan Alhaji, a ɗaya daga cikinsu. Ɗayan babu sosai.

Dan_Naibawa:
Kun ji ko.

MalamGandu:
Alhaji, kawo ma yana yin haka, loko ma yana yi. Yawancin manyan itatuwanmu jijiyarsu a sarƙe take, zanen kuma ya danganta da yadda aka tsaga gungumen. Ba a raba su da wannan. Amma maganar Sabo ta tuna mini abin da ba mu tambaya ba. Sabo, yankan kan da ka fere, na falanki ɗaya ne ko duka biyun?

Sabo_Kafinta:
Ɗaya ne Malam. Na ɗauka tunda wuri guda aka ciro su, iri ɗaya ne.

Injiniya_Bashir:
Ba lallai ba ne. Magina abin da suka samu suke sawa, kuma ana iya canza ɗaya bayan shekaru. Nauyinsu ya zo kusa, amma mun riga mun ga itace uku ko huɗu na zaune a wannan nauyin.

Sabo_Kafinta:
Barkanmu da safiya. Sakamako biyu. Tsumman Hajiya ya kama rawaya a falanki na farko, ba mai yawa ba amma ana gani sarai. Na biyun bai kama komai ba. Na fere kansa shi ma, zoben nan mai tsini yana nan, sai dai ban ga garin rawaya a ramukan ba, kuma launinsa ya ɗan fi na farkon haske. A gefe guda akwai wani siririn wuri fari-fari, a nan na ga ƙananan huji guda biyu da ban lura da su ba da.

Baba_Masassaki:
Baba ya ce farin gefen nan bayan itace ne, na kusa da ɓawo, ko a kawo ƙwaro na cinsa. Ka yanke shi ka yar, kada ya shiga aikin. Ya ce shi dai duka biyun kawo ne, ba kowane reshe ke tara garin ba.

MalamGandu:
Na farkon na tsaya tare da Baba. Na biyun zuciyata ta fi karkata ga doka, amma ba zan yi musu da wanda ya shafe shekaru yana sassaƙa ba. In kana son a kashe maganar, yanki ɗan guntu kamar akwatin ashana daga kowanne. Akwai kwalejin gandun daji a Afaka nan Kaduna, akwai ta Jos, uwarsu kuma cibiyar bincike ta Ibadan. Wanda ya karanci ƙirar itace zai yanka shi siriri ya duba a madubin ƙara girma.

Abba_Dalibi:
Oga Sabo don Allah in ka yanke, ka ajiye mini ɓarɓashin. Ina tara guntayen katako ina rubuta sunan kowanne a jiki, na sami malaina da tik da maje da kanya, ba ni da kawo.

Hajiya_KayanDaki:
In ban da abinku, ko kawo ko doka, a cikin ɗaki zai zauna ba a ruwa ba. Ka yi saman teburin da na farkon tunda shi aka fi amincewa da shi, ƙafafu da na biyun.

Mai_Zarto_Jos:
Ni da akasin haka zan yi, Hajiya. Ƙafa ita ke taɓa ƙasa, ta nan gara ke hawa. Wanda aka tabbatar da shi ya tafi ƙafa.

Sabo_Kafinta:
Allah Ya saka wa kowa da alheri, Baba Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Falanki na farko zai ishe ni saman da ƙafafun duka in na tsaga shi biyu a kauri, tunda teburin ƙarami ne. Na biyun zan jingine shi tukuna. Abba, ka zo shago ka karɓa. Malam Gandu, akwai ƙanena da ke zuwa Kaduna ƙarshen wata, zan ba shi guntayen.

Dan_Naibawa:
Idan za ka tsaga shi biyu, ka bar shi ya kwana biyu a jingine da ƴan sanduna a tsakani kafin ka haɗa, ko tsohon katako yakan motsa in aka buɗe cikinsa. Kuma ka sa mana hoton na biyun bayan ka shafa masa mai, a rana, ba a cikin shago ba. Ni ban cire madaci a kansa ba tukuna.